Me ke cin ganyen ƙaramin ɓaure, kuma me ya sa feshi ke ƙara dagula lamarin?

Tambaya ɗaya ce ke ta yawo tsakanin masu renon ɓauren lambu, wato irin da ake dasawa don 'ya'yansa, wanda masana ke kira Ficus carica. Mutum ya yanko reshe, ya kafa a tukunya, ya yi ta lallaɓa shi har ya yi saiwa ya fitar da ganye huɗu ko biyar. Kwatsam sai ganyen ya soma kodewa, ya yi ɗige-ɗige kamar an tsattsaga shi da allura, ko ya yi dabbare-dabbare, sabon toho ya fito a murɗe. Ya duba sama da ƙasa bai ga tsutsa ba, bai ga fara ba, bai ga darɓa ba. To me ke cin shukar? Wani ya ce ƙarancin taki ne, wani ya ce ruwa ya yi yawa, wani ya ce a yi feshi kawai. Mafi yawa shawarar ƙarshen nan ake ɗauka, kuma sau da yawa bayan mako biyu abin ya ninka.

Abin da ke rikita mutane shi ne, abubuwa uku ne daban ake haɗawa a kira su da suna ɗaya: halittu biyu da cuta ɗaya. Kowanne da alamarsa, kowanne da yadda ake tunkararsa.

Su wane ne waɗannan halittu?

Turawa na kiransu mait. Mu a bakinmu duk abin da ke rarrafe a kan ganye ƙwaro ne, amma a wajen masana waɗannan dangin kaska ne da gizo-gizo. Ƙwaro na da ƙafa shida da ƙahonnin shinshina, galibi har da fukafukai. Waɗannan ba su da fiffike, ba su da ƙaho, kuma tsarin jikinsu daban ne. Wannan bambanci ba na ƙawa ba ne, domin shi ne dalilin da ya sa maganin ƙwari da yawa ba ya kama su.

Na farko shi ne wanda zan kira gizon ganye, saboda saƙar da yake yi. Wanda ya fi yawa a cikinsu shi ne Tetranychus urticae. Tsawon babbar macen bai wuce rabin milimita ba, kamar ɗigon biro a takarda. Launinsa tsakanin kore da rawaya, da baƙaƙen ɗigo biyu a gefen bayansa, wani lokaci kuma ya rine ya yi ja. Babba na da ƙafa takwas, wanda ya fito daga ƙwai na da shida. Ba ɓaure kaɗai yake ci ba, an lissafa tsirrai sama da 1,100 da yake rayuwa a kansu, don haka daga tumatir ko wake ko ciyawar da ke gefe yana iya hayewa.

Na biyu shi ne na ɓaure zalla, Aceria ficus, wanda zan kira kaskar toho. Wannan ido ba ya ganinsa ko kaɗan. Tsawonsa bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, jikinsa dogo kamar 'yar tsutsa fara, ƙafafunsa huɗu ne kacal, duk a gaba kusa da kai. Ba ya saƙa. Yana ɓuya a cikin ɓawon toho, da ƙarƙashin ganyen da bai gama buɗewa ba a tsakanin gashin ganyen, da cikin 'ya'yan ɓaure ta bakin nan da ke ƙasansu. Hausawa na cewa mai son cin ɓaure kada ya tona cikinsa. Mai renonsa kuwa tilas ya tona, domin can ciki abin yake.

Na uku ita ce cutar dabbare-dabbaren ɓaure, wadda ƙwayar bairos ke haddasawa, kuma kaskar toho ce ke ɗaukarta daga wannan shuka zuwa waccan.

Yadda za ka gane wanda ya kama maka shuka

Gizon ganye na huda ƙwayoyin ganye ɗaya bayan ɗaya ya zuƙe abin da ke ciki. Kowane huji na barin ɗan farin ɗigo. Da farko ɗige-ɗigen kan taru kusa da jijiyoyin ganye, sannan su haɗe, ganyen ya yi fari-fari ko ya koma launin tagulla, ya bushe ta baki-baki, ya faɗi. Yawanci daga tsofaffin ganyen ƙasa yake farawa ya hau. Saƙar da kowa ke nema a matsayin shaida ba ta fitowa fili sai abin ya yi nisa. Ranar da ka ga yana ta lulluɓe tsakanin ganye da reshe, ka sani sun yi makonni a wurin.

Akwai gwaji mai sauƙi. Riƙe farar takarda ƙarƙashin ganyen, ka bubbuga shi da yatsa sau uku ko huɗu. Ka sa takardar a haske ka ɗan dakata. In ka ga ƙurar da ta zubo ta fara tafiya a hankali, su ne. Ka murza da yatsa, za ka ga ta bar zane kore ko ruwan ƙasa. Da gilashin ƙara girma mai ninki goma kuwa har ƙwansu za ka gani a bayan ganye, ƙananan dunƙule masu sheƙi kamar raɓa, da fararen fatun da suka saɓule.

Kaskar toho ba ta faɗowa a takarda yadda za ka gani. Sai da gilashi mai ninki 30 ko fiye, da haske mai ƙarfi, da haƙuri. Ka tsinko ƙaramin ganyen kan tsini, ko ka ɓare toho, ka duba kusa da jijiya. Ɓarnarta a sabon tsiro take bayyana: ganye ya fito ƙanana, a karkace, da tabo masu launin tsatsa ko rawaya, tsinin reshe ya tsaya cak ya ƙi ci gaba, wani lokaci ƙananan ganyen su zube tun ba su buɗe ba. Wato in matsalar daga ƙasa take hawa, ka fara zargin gizon ganye. In daga sama take saukowa, ka zargi kaskar toho.

Dabbare-dabbaren bairos kuma faci-faci ne, kore mai duhu da kore mai haske da rawaya suna cuɗanya, gefensu ba kaifi, kamar an zuba ruwa a kan rini. Wani ganyen kan fito rabinsa lafiya, rabinsa a shanye. Sau da yawa reshe ɗaya ya nuna, na kusa da shi ya yi kamar ba abin da ya same shi.

Akwai abubuwa biyu da ke yawan shiga rigar waɗannan. Tsatsar ɓaure, wadda funfunar Cerotelium fici ke kawowa, tana yin ƙananan ƙuraje ruwan ƙasa a bayan ganye masu fitar da gari idan ka shafa, kuma damshi take so. Ƙarancin abinci kuma rawayarsa na bin tsari, dama da hagu na ganye iri ɗaya, jijiyoyi kore tsakaninsu rawaya. Ɓarnar mait da ta bairos ba su da wannan tsari.

Me ya sa ƙananan shuke-shuke ne suka fi shan wuya?

Babbar bishiya na da dubban ganye, in ta rasa ɗari ba ta ji ba. Reshen da bai daɗe da yin saiwa ba kuwa da ganye biyar yake rayuwa, abincin da ke cikin itacen ya ƙare, saiwar ba ta yi ƙarfi ba. In ya rasa uku, ya rasa fiye da rabin abin da yake ciyar da kansa. Sannan wurin da muke renon su shi ne daidai wurin da gizon ganye ke so: ɗaki ko rumfa mai ɗumi, ba ruwan sama da zai wanke ganye, tukwane a cunkushe ganye na taɓa ganye, kuma babu ƙwarin da ke farautarsa.

Zafi da bushewar iska da ƙura su ne abokansa. A zafin da ya kai digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, daga ƙwai zuwa balaga kimanin mako guda ne. A digiri 20 kuma sai ya ɗauki fiye da mako biyu. Mace ɗaya na iya saka ƙwai kusan ɗari a rayuwarta ta 'yan makonni, kuma ko ba ta haɗu da namiji ba ƙwanta na ƙyanƙyashewa, sai dai maza za su fito, su kuma su haɗu da ita a ci gaba. Ma'ana, mace ɗaya da iska ta jefo ko ta maƙale a hannun rigarka ta isa ta kafa gari. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Shukar da ke jin ƙishi ta fi saurin kamuwa. Haka ma wadda aka ɗura wa takin zamani mai yawan naitirojin, domin tana fitar da ganye mai taushi da ruwa, irin wanda suka fi hayayyafa a kai. Wannan ya sa shawarar "ƙara mata taki" takan zama ƙarin itace a wuta.

Inda feshi ke juyewa ya zama matsala

Ni ma na faɗa wannan rami. Akwai shekarar da na jera yankan ɓaure goma sha biyu a rumfa, na ga ɗige-ɗige a kan uku, na je wani shagon kayan noma na bayyana abin da na gani. Aka miƙo mini kwalbar maganin ƙwari irin mai kashe komai, aka ce sau ɗaya ya isa. Na fesa da yamma, washegari na ga matattun ƙananan ƙwari a ƙasan tukwane, raina ya yi fari. Kwana goma sha biyu bayan nan na ɗaga wani ganye, bayansa ya yi toka-toka da yana, abin na motsi kamar gari mai rai. Duka goma sha biyun sun kamu. Huɗu ba su tashi ba. Har yau ina tuna yadda ganyen ƙarshe na ɗayansu ya saki a hannuna ba tare da na ja shi ba.

Abin da ya faru sananne ne a wajen masana. Matattun ƙwarin da na yi murnar gani su ne masu yi mini aiki. A kowane lambu akwai mafarautan gizon ganye: wasu mait ne 'yan uwansa masu saurin gudu da sheƙin jiki, akwai ƙaramar baƙar buzuzuwa da ake kira Stethorus, akwai tsutsar wani ƙwaro mai koren fiffike kamar raga. Magunguna irin su carbaryl da dangin pyrethroid na share waɗannan, su bar gizon da ƙwansa, sai ya samu fili babu mai tsawata masa. An kuma nuna cewa imidacloprid, wanda ake zubawa a gindin shuka don darɓa, yana iya sa macen ta ƙara yawan ƙwai. Garin gyaran gira aka rasa ido.

Ga kuma saurin sabawa da guba. Saboda gajeren zangon haihuwarsa, Tetranychus urticae na cikin halittun da suka fi kowa saurin zama gagara-magani a harkar noma. Wanda ya nace wa magani ɗaya, da hannunsa yake tace masu taurin kai ya bar su su hayayyafa.

To me ke aiki?

Abu na farko shi ne raba mai ciwo da mai lafiya. Ka janye tukunyar da ta kamu nesa, ka duba maƙwabtanta ɗaya bayan ɗaya, ka wanke hannu kafin ka koma kan sauran. Ganyen da ya riga ya lalace sosai ka cire, ka ƙulle a leda ka fitar, kada ka yar a gindin shukar. Amma kada ka yi wa ƙaramar shuka aski gaba ɗaya, ko ganye mai tabo yana ciyar da ita. Ka sa safar hannu, domin farin ruwan da ɓaure ke fitarwa na iya ƙona fata, musamman idan rana ta bugi wurin daga baya.

Na biyu ruwa ne, kuma mutane na raina shi saboda ba a saye shi a kwalba ba. Kwantar da tukunyar a gefe, ka tallafe ganyen da tafin hannu, ka fesa wa bayansa ruwa mai ɗan ƙarfi har ya wanke yana da ƙura. Da safe ya fi, don ganyen ya bushe kafin dare, kada tsatsa ta samu hanya. A yi haka duk bayan kwana biyu ko uku na tsawon mako biyu. Idan an kama abin da wuri, sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

Idan bai wadatar ba, sai sabulun feshi na shuka ko man feshi. Waɗannan ba guba ba ne irin wadda aka saba, lulluɓe halittar suke yi su toshe mata numfashi ko su busar da ita, shi ya sa da wuya ta saba da su. Amma sai sun taɓa jikinta. Wanda ya fesa saman ganye ya tafi bai yi komai ba, aikin a baya yake da cikin tsini. Man feshi akan sa kimanin mililita 10 a litar ruwa ɗaya lokacin da shuka ke da ganye. Man darbejiya akan sa kimanin mililita 5 a lita, da ɗan sabulu don ya haɗu da ruwan, a riƙa girgizawa. A gwada a ganye ɗaya tukuna a jira kwana biyu, domin sabon ganyen ɓaure na saurin ƙonewa. Kada a fesa da tsakar rana, ko zafi ya haura digiri 32, ko shukar tana jin ƙishi.

Sannan maimaitawa, wanda nan ne yawancin mutane ke faɗuwa. Feshi ɗaya ba ya gamawa da ƙwai, kuma cikin kwana uku zuwa biyar sababbi za su fito. A maimaita duk kwana biyar zuwa bakwai, aƙalla sau uku, ko da ido ya ce an gama. Wanda ya tsaya a na farko ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Farar wuta, wato garin sulfa da ake damawa a ruwa, tsohon magani ne kuma tana kama kaskar toho sosai. Sharuɗɗanta biyu ne masu tsauri: ba a fesa ta cikin tsananin zafi, kuma ba a haɗa ta da mai. A bar tazarar kusan wata guda tsakanin feshin mai da na farar wuta, in ba haka ba ganyen zai soye. Ita ma tana taɓa mafarautan da muka ambata, don haka ba abin fesawa kullum ba ce.

Akwai magungunan da aka yi musamman don mait. A nan ma sanin wanda kake yaƙa da shi ne ke raba gardama. Abamectin na shiga cikin naman ganye kuma yana kama nau'ukan biyu, amma ba ya kashe ƙwai. Bifenazate da hexythiazox na aiki a kan gizon ganye, ba a dogara da su kan kaskar toho. Duk wanda za a yi amfani da shi, a karanta takardar jikinsa, a tabbatar an halatta shi a kan itacen da ake cin 'ya'yansa, a rufe jiki da hanci, kuma kada a maimaita iri ɗaya a jere. A ganina mai tukwane goma ko ashirin da wuya ya buƙaci kaiwa nan idan yana duba shukarsa duk mako.

Masu manyan rumfunan reno kuma sukan sayi mafarauci su saki, kamar mait ɗin da ake kira Phytoseiulus persimilis, wanda gizon ganye kaɗai yake ci. Yana buƙatar iska mai ɗan damshi, kuma ba ya tsira inda aka yi feshin guba kwanan nan.

Rigimar dabbare-dabbare: a tuge ko a bari?

Nan ne masu renon ɓaure suka rabu. Tun 1933 masana biyu, Condit da Horne, suka bayyana cutar a Kalifoniya ta Amurka. A 1955 wasu masanan, Flock da Wallace, suka nuna cewa Aceria ficus ce ke yaɗa ta. Ita kanta ƙwayar bairos ɗin ba a tantance ta ba sai 2009, kuma an gano akwai wasu bairos da kan tarar da ita a shuka ɗaya. Tana bin yankan reshe da auren reshe, amma ba ta bin iri. Da yake kusan duk ɓauren lambu ta hanyar yanka ake yaɗa shi, cutar ta bi shi duk inda ake nomansa a duniya.

Babu feshin da ke warkar da ita. Kashe kaskar toho na hana ta yaɗuwa ne kawai, wadda ta riga ta shiga jiki ta shiga. A ɗakin bincike akan tsabtace iri ta hanyar gasa shuka da ɗumi na makonni a kuma raini ɗan tsinin tohonta a kwalba, amma wannan ba aikin gida ba ne.

Ɓangare ɗaya na cewa a tuge duk shukar da ta nuna alama, don kada ta zama rijiyar da kaska za ta riƙa ɗiba tana rabawa. Ɗaya ɓangaren na cewa in aka bi wannan, kusan babu ɓauren da zai rage, kuma yawancin masu ɗauke da cutar suna girma su yi 'ya'ya lafiya lau, alamar ma takan dusashe idan shuka ta samu ruwa da abinci da sarari ga saiwarta. Kowannensu na da gaskiya a wurinsa. Mai sayar da dashe, ko mai tara iri masu tsabta, hakki ne a kansa ya tsananta, domin abin da ya fitar gonakin mutane zai shiga. Mai 'yan tukwane a gida kuwa, ni ba na ganin dalilin da zai sa ya hallaka shukar da ke girma don ganye biyu sun yi faci. Wadda zan cire ita ce wadda ta tsugune, shekara ta zagayo ba ta ƙara komai ba, kowane ganye na fitowa a murɗe. Kuma ko mai ƙarfin ce, ba zan yanki reshenta in ba wani ba tare da na gaya masa abin da take ɗauke da shi ba.

Kafin sabon reshe ya shigo, da bayan an yi magani

Yawancin kaskar toho a cikin kyauta ko sayayya take shigowa, a ɓoye cikin idon reshen da ka yi murnar samu. Ka wanke kowane yanka da ruwan sabulu da buroshi mai laushi, musamman kewayen ido, amma ka sani wanki ba ya kaiwa can cikin ɓawon toho. Don haka sabon shigowa ya zauna shi kaɗai mako uku zuwa huɗu bayan ya fara ganye, nesa da sauran kuma ba ta inda iska ke busowa zuwa gare su ba, kana duba shi da gilashi. Ka ba tukwane tazara yadda ganye ba zai taɓa ganye ba, ka cire ciyawar da ke tsakaninsu, ka riƙa wanke ƙura.

Bayan magani kuma kada ka auna nasara da tsohon ganye. Ɗigon da aka riga aka huda ba ya komawa kore, zai zauna haka har ganyen ya faɗi, kuma wannan ne ke sa wasu su yi ta feshi a kan shukar da ta riga ta warke har su ƙona ta. Sabon ganye za ka duba. In ya buɗe shimfiɗe, launinsa ɗaya, kuma ka buga a farar takarda sau biyu a tazarar mako guda ba abin da ya motsa, ka ajiye famfon feshi, ka mayar da tukunyar cikin 'yan uwanta.